Hannun Audi, Sunan Nasrullahi

Ranar Talata ce bayan la'asar, a shagon wanki da guga na Alhaji Abdulfattah Dumbulwa da ke unguwar Harra ta Yamma a ƙasa mai tsarki, wani saurayi mai suna Umair ya danne hannun Audi na dama a kan tebur, ya ɗora masa dutsen guga. Dalilin kuwa, farar jallabiyar da zai sa wajen ɗaurin aurensa ce ta fito da tabo a ƙirji, tabon da bai kai ƙwallon dabino ba. Audi ya ce a ba shi awa guda ya sake wankewa. Umair ya ce ba shi da awa guda. Amma ya samu lokacin danna ƙarfe mai zafi a bayan hannun dattijo ɗan shekara hamsin da takwas, har ƙauri ya kai shagon mai wake da burodi na gefe.

Maƙwabta suka riƙe Umair. Wani ya kira 'yan sanda, wani ya kira Alhaji. Alhaji ya riga 'yan sanda isowa, kuma nan ne abin ya lalace.

To ga yadda zancen yake. A iƙamar Audi, wato katin zamansa a ƙasar, an rubuta shi direban gida ne. Shekara ashirin da shida yana direba a takarda, bai taɓa murza sitiyari ba. Wan Hajiya Mariam ne matar Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya, daga Chadi aka kawo shi. Direban gida kuwa in aka same shi yana aiki a shago, shi a mayar da shi ƙasarsu, mai shagon a rufe masa ƙofa. Ma'aikacin shagon a takarda Nasrullahi ne, ɗan Alhaji, shekara ashirin da huɗu, wanda abin da ya sani game da shagon shi ne can ake karɓo kayansa a goge.

Alhaji ya dubi hannun sau ɗaya, ya dubi titi sau uku.

"Yaya Audi, bi ta ƙofar baya."

"Alhaji, hannuna..."

"Na gani. Shi ma ya bi ta baya. Yalla, maza."

Aka taso Nasrullahi daga barcin rana, aka naɗa masa tawul a hannu, aka zaunar da shi a kujerar Audi. Da 'yan sanda suka zo, Alhaji ya ce kyamarar shago ta mutu tun azumi. Ya ce ba sai an kira motar asibiti ba, shi mutum ne mai inshora, zai kula da ɗansa da kansa. Umair ya ɗaga kai ya ga wanda aka ce ya ƙona, sai ya hau ihu da Larabci cewa ba wannan ba ne, wallahi ba wannan ba ne, wani tsoho ne mai furfura a gemu.

Ɗan sandan ya ce, "Ka ƙona mutum, kuma kana zaɓen wanda ka ƙona?"

Ya waiwayi maƙwabta. Mai wake da burodi, wanda shi ma iƙamarsa ta ce makiyayin raƙuma ne, ya ce shi yana bayan gida lokacin. Sauran suka ga wani abu a rufin shago da ya kamata a duba. A duk layin nan mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya ranar, shi ne kuma aka tafi da shi a mota.

Audi ya kwana a ɗakin direba da ke bakin ƙofar gidan Alhaji a unguwar Al-Ranuna. Ɗaki ne mai faɗin tabarma biyu. Mariam ta zo da man goge baki ta shafa masa, tana kuka.

"Yaya, sannu. Yaya, ka yi haƙuri."

"Mariam, asibiti."

"In ka je za su tambayi iƙama. Su ce direba me ya haɗa shi da dutsen guga a ranar da aka ƙona mutum a shagon mai gidansa? Kai a kore ka, shi a rufe shi, ni kuma in ce wa? Bari ya ɗan huce tukuna."

Shi Alhaji Abdulfattah mutum ne mai tsoron Allah daidai gwargwado, amma takarda ce ke hana shi barci. Washegari saƙo ya shigo wayarsa daga ofishin da ke kula da irin wannan. Aka ce duk shagon da aka kai wa ma'aikacinsa hari, cikin kwana uku mai shago ya shigar da rahoto, ya ba wanda aka cutar taimakon gaggawa, ya ba shi hutun jinya, ya haɗa shi da likita, ya kuma haɗa shi da mai kwantar da hankali. Wanda ya saɓa, a rufe shagonsa.

Alhaji bai saɓa ko ɗaya ba. Wallahi ko ɗaya. Kafin azahar ya shigar da rahoto. Ya sa taimakon gaggawa a ambulan ya miƙa wa Nasrullahi a falo, 'yarsa Zakiyya ta ɗauki hoto, suka sake saboda Alhaji ya ƙifta ido. Ya rubuta wa Nasrullahi hutun wata guda daga aikin da bai taɓa zuwa ba. Aka haɗa shi da wata mai kwantar da hankali, kullum ta kira shi minti ashirin ta tambaye shi ko yana mafarkin dutsen guga. Nasrullahi ya ce yana yi. Daga baya ma ya fara yi da gaske.

Saura abu ɗaya: hoton ciwon. Kullum ana son sabo.

Nan ne aka tuna da Audi. Zakiyya ta riƙa zuwa ɗakin direba da safe, da wayarta da farin zani. Ta shimfiɗa zanin, ta ɗora hannun, ta buɗe taga don haske.

"Khali, cire zoben," ta ce, wato kawu. Rabin maganarta Larabci ne. "Nasir ba ya sa zobe."

"Ba ya fita, 'yata. Yatsan ya kumbura."

"To rufe shi da zanin. Haka. Kar ka motsa. Mumtaz, ya yi kyau."

Audi bai taɓa samun kulawa irin wannan ba a gidan. Hannunsa ya fi shi daraja. Shi ba a tambayarsa ya kwana, amma hannun ana juya shi, a gyara masa zama, a ɗauke shi ta gefe da ta sama. Shatin dutsen guga ya fito raɗau a bayan hannun, har da ƙananan ramukan da tururi ke fita.

A kwana na huɗu aka ce likita za ta duba mara lafiya ta waya, ido da ido. Gidan ya rikice. Alhaji ya ce a kawo labule.

Aka rataya labule a bayan kujerar falo. Nasrullahi ya zauna, ya mayar da hannunsa na dama baya. Audi ya durƙusa a bayan labulen, ya zuro nasa hannun ta ƙarƙashin hammatar yaron, aka ja hannun riga aka rufe mahaɗar. Zakiyya ta riƙe waya. Likitar ta fito, ta yi sallama, ta ce a matso da hannun. Ta ƙura masa ido.

"Shekararka nawa ka ce?"

"Ashirin da huɗu."

"Wannan hannun ya sha wahala."

Alhaji ya leƙo. "Guga ce, Likita. Tana tsufar da hannu. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya hutawa."

Ta ce ya motsa yatsunsa. Ba abin da ya motsa, don Audi ba ya jin Larabcin likitoci, ga labule ya toshe masa kunne. Nasrullahi ya karkata baki ya yi raɗa, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi wa kawunsa Hausa jimla guda.

"Kawu, motsa yatsa."

Babban yatsa ya motsa. Manuni ya motsa. Sauran ukun suka ƙi.

Ta ce a danna gefen ciwon. Alhaji ya danna. A bayan labule Audi ya ciji kafaɗar rigarsa, hawaye na bin gemunsa. A gaban labule Nasrullahi ya ce, "Shwayya," wato kaɗan yake ji.

"Kai jarumi ne," in ji likitar. "Amma ka saurare ni. Wannan hannun ba na waya ba ne. Yau, yau ɗin nan, ka zo asibiti. In ka ƙara kwanaki za ka rasa yatsu."

Alhaji ya ce ba ya jin ta sosai, hanyar sadarwa ce, ya danna jan maɓalli.

Audi ya rarrafo daga bayan labule. "Me ta ce?"

"Ta ce ana samun sauƙi."

Da yamma mai babur ya kawo magungunan da ta rubuta, ƙwayoyi da man shafawa. Audi ya gan su daga ƙofar ɗakinsa, ya bi ledar har falo.

"Alhaji, ai nawa ne."

Alhaji ya juya kwalin ya nuna masa rubutu. "Karanta nan."

"Ka san ban iya ba."

"Nasrullahi Abdulfattah. Ƙwaya ɗaya sau uku. Yaya Audi, magani amana ne. An rubuta shi da nauyin jikin yaro, da shekarun yaro. In na ba ka wani abu ya same ka, wa za a tambaya? Ni ba na wasa da doka."

"To wa zai sha?"

"Mai sunan."

Nasrullahi ya sha kwana biyu, cikinsa ya ɓaci, aka daina. Aka ajiye sauran a saman firij don ko masu bincike za su zo su ƙirga.

Shi kuwa Audi aka bi shi da abin da ba shi da suna a kwali. Zuma. Man zaitun. Habbatus sauda. Ruwan zamzam. Mariam ta tauna dabinon ajwa ta manna masa. Kwana na bakwai hannun ya kai girman burodi. Kwana na tara yatsu ukun suka yi duhu, zoben ya nutse cikin nama. Wari ya fara, irin wanda Zakiyya ke ɗaure hanci da mayafi kafin ta shigo ɗaukar hoto. Zazzaɓi ya kama shi. Ya daina zuwa masallacin Ƙuba sallar asuba, abin da bai taɓa bari ba. Alwala ma da hannu ɗaya yake yi, yana roƙon Allah ya karɓa haka.

A cikin gida kuwa 'yan dubiya ne ke ta shiga. Mata daga unguwar Bani Harisa, tsofaffin Takari, malaman jami'a 'yan Najeriya da ke kawo wanki shagon. Su wuce ta gaban ɗakin direba da lemo da kwalayen dabino, su shiga su sami Nasrullahi a kishingiɗe, hannu cikin farin bandeji sabo fil, yana latsa waya da hagu. Su ce Allah ya sa kaffara ne. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kamar ɓera ya mutu a wajen nan. Mariam ta ce magudanar ruwa ce.

"Mariam," Audi ya ce mata ranar. "Ni na goya ki daga kasuwa har gida ranar da ƙaya ta soke ki."

"Na sani, Yaya."

"To?"

"Jibi za a yi sulhu. Dangin yaron nan za su zo, a yafe, a rufe fayil. Da an rufe, wallahi ni zan kai ka da kaina. Mu ce kana goge rigarka ne. Kwana biyu ne kawai."

"Ki faɗa wa hannun. Ni na ji."

Ranar sulhu, bayan la'asar, aka share babban falon maza, aka turara shi har ido na yaji. An ce dattawa ne kawai za su zo, Umair yana tsare. Sai ga matsala: wa zai zuba gahawa? Alhaji mai gida ne, zai zauna. Nasrullahi shi ne mara lafiya. Mata ba sa shiga. A ɗauko na haya kuwa, Alhaji ya ce baƙon ido ne.

"Yaya Audi zai yi. Ai ɗan aikin gida ne a takarda. Yau dai ya yi aikin da ya dace da shi."

Aka ba shi ƙwayar zazzaɓi, irin wadda ba a rubuta sunan kowa a kanta ba. Aka sa masa jallabiya mai dogon hannu, aka tura hannun dama cikin aljihun gefe, aka fesa masa turare rabin kwalba.

"Kar ka fito da shi," in ji Alhaji. "Kar ka yi magana. Zuba, miƙa, fita."

Baƙi suka iso su biyar. Babbansu Shaihu Sharfuddeen ne, baffan Umair, tsoho mai sanda da idon da ba ya ƙiftawa. Na biyar ɗin, kai a sunkuye, Umair ne. An ba da belinsa da safe, baffan ya ce dole ya zo ya sumbaci kan wanda ya cuta.

Alhaji ya lallashi kansa: wa ke kallon fuskar mai zuba gahawa?

Aka yi gaisuwa mai tsawo. Shaihu ya ce yaronsu ya yi abin kunya, ya ƙara da na biyu, wai yana ta cewa wani tsoho ya ƙona, har sun fara tunanin kai shi a yi masa ruƙiyya. Alhaji ya ce shaiɗan ne, Allah ya tsare. Nasrullahi ya gyara bandejinsa.

Audi ya shigo da tire a hannun hagu, yana taka ƙasa kamar ba tasa ba. To a garin nan ko yaron goye ya san yadda ake ba da gahawa: buta a hagu, ƙaramin kofi a dama. Miƙa wa baƙo kofi da hagu zagi ne, gara ka hana shi. Audi ya ajiye tiren, ya zuba da hagu, ya ajiye butar, ya ɗauki kofin da hagu, ya miƙa wa Shaihu.

Shaihu bai karɓa ba. Ya dubi kofin, ya dubi Alhaji.

"Mun zo neman afuwa, Abu Nasir. Ba mu zo a wulaƙanta mu ba."

"Haba Shaihu! Baƙauye ne, bai sani ba..."

"Mai furfura irin wannan bai sani ba?" Ya juyo ga Audi. "Ya Hajj. Bil yamin." Da dama.

Wannan Larabcin kam Audi ya ji shi. Ya tsaya da kofi a hannu. Ya ga Alhaji na girgiza masa kai a hankali. Ya san abin da ke cikin aljihun nan: shekara ashirin da shida, da ɗakin tabarma biyu, da Ƙuba da asuba, da jirgin da zai sauke shi a garin da duk wanda ya san shi ya mutu. Ya kuma san cewa tun jiya ya daina jin yatsu ukun, kuma rashin jin ya fara hawa.

Ya ce da Hausa, "Baƙo ya ce da dama, Alhaji."

Ya zaro hannun. Ya ɗora kofin tsakanin babban yatsa da manuni, ya miƙa.

Turaren falon nan duk ya tashi a banza. Ɗaya daga cikin baƙin ya toshe baki ya yi waje. Shaihu ya kalli shatin dutsen guga, ya kalli farin bandejin Nasrullahi. Umair ya miƙe tsaye.

"Shi ne! Na faɗa muku! Kwana goma sha ɗaya ina faɗa muku!"

Shaihu ya miƙa sandarsa ya taɓa bandejin. "Kwance."

Nasrullahi ya dubi ubansa, ya kwance. Hannu ya fito sumul, har ya ɗan yi haske saboda hutu.

Alhaji ya fara bayani. Ya ce a fahimce shi, shi bai karya doka ba, ga rahoto, ga hoton ambulan, ga takardar hutu, duk cikin kwana uku. Shaihu ya kau da kai daga gare shi. Ya karɓi kofin daga hannun Audi, ya shanye, ya ajiye. Umair ya zo ya kama kan Audi ya sumbata yana kuka, sannan ya tallafe shi zuwa mota. Wanda ya ƙona shi, shi ya kai shi asibiti.

A teburin karɓar marasa lafiya Audi ya faɗi sunansa, ya faɗi shagon, ya faɗi ranar, Umair na gyara masa Larabcin yana ƙarawa da cewa shi ne ya aikata. Ma'aikacin ya daɗe yana latsa na'ura.

"Wannan ƙunar tana da mai ita," ya ce. "Nasrullahi Abdulfattah. Ga hotuna. Ba za a shigar da ƙuna ɗaya sau biyu ba."

"Ga hannun a gabanka!" in ji Umair.

"Na gani. Amma a nan direba ne. Zan sa hatsarin gida, in ba haka ba na'urar ba za ta ba shi gado ba."

Aka sa hatsarin gida. Aka ba shi gado. Aka cire yatsu uku, da zoben a jikin ɗaya. Likitan ya ce da an zo mako guda da ya wuce, da ba a cire ko ɗaya ba, da an ƙara kwana biyu kuma, da daga gwiwar hannu za a fara magana.

Ba a kori Audi ba, ba a rufe shago ba. Dangin Umair suka ɗauki nauyin asibiti, kowa ya ga shiru ya fi masa. Fayil ɗin Nasrullahi ya rufu da cewa ya warke sarai, ba ko tabo. Bayan wata guda takardar yabo ta zo wa Alhaji, cewa shagonsa ya cika dukkan sharuɗɗan taimakon gaggawa a kan lokaci. Ya sa ta a gilashi ya rataya daidai saman teburin guga. Duk mai kai wanki Harra ta Yamma zai gan ta. Mariam har yau cewa take ƙaddara ce, kuma ai saura kwana biyu ne ta kai shi da kanta. Masu irin wannan hali ba sa rasa kwana biyun da ya rage.

Audi ba ya iya riƙe dutsen guga yanzu. Alhaji ya ce ba komai, ai dama direba ne, sai ya fara koyon mota. Audi ya ce to. Bai koya ba. Aiki ɗaya ya ɗaukar wa kansa a gidan, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya isa ya hana shi: duk baƙon da ya shigo falon maza, shi ke kawo gahawa. Ya zuba, ya ɗora kofin tsakanin yatsu biyun da suka rage, ya miƙa a hankali, ya jira baƙon ya gama kallo ya yi tambaya.

Alhaji ya sha tare shi a bakin ƙofa yana roƙo ƙasa-ƙasa.

"Yaya Audi, don Allah, yau dai ka miƙa da hagu. Za su yi maka uzuri."

"A'a, Alhaji," in ji Audi. "Gidan nan ba ma karya ƙa'ida. Da dama."